Kumburin jijiyoyin ƙafa da aikin tiyata: laccar wani likita a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, sannunku da zuwa.

Jijiyoyin da ke mai da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan ƙofofi a ciki, masu barin jini ya hau, su hana shi gangarowa. In ƙofofin suka saki, jini ya taru a ƙasa, sai jijiya ta kumbura ta murɗe a sha-raɓa. Gado na kawo shi, haka yawan haihuwa, da ƙiba, da doguwar tsayuwa irin ta masu wuni a tsaye a Kasuwar Dole.

Abin da ke ci mini rai, mutane ba sa zuwa sai gyambo ya buɗe a saman idon sawu ta ciki. Fatar wurin ta riga ta yi baƙi, ta yi tauri, ana ta barbaɗa gari wata da watanni. Don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga. In jijiyar ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, sannan a nufi asibiti.

To, aikin kansa. Kafin a taɓa wuƙa sai an yi eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, a tabbatar jijiyoyin can cikin nama a buɗe suke, domin su ke ɗaukar mafi yawan jinin. In lafiyarsu lau, ana yin allura a baya ƙafafu su mutu, a yanka kaɗan a matsematsi, a ɗaure babbar jijiyar da ke ƙarƙashin fata, a zare ta. Wata baiwar Allah ta tambaya, to jinin ta ina zai bi? Inna, ta waɗancan na ciki zai bi. Washegari ma so ake ki taka. Akwai kuma ƙone jijiyar da hasken leza, amma na'urar na da tsada.

A asibitin gwamnati mai naƙuda da wanda ya yi haɗari su ake fara shigarwa, kuma daidai ne. Amma ban yarda a ce wannan ciwon na kwalliya ne ba, alhali yana raba magidanci da sana'arsa. Wanda ke Mirriya ko Magariya ya fara da asibitin kusa, ya karɓi takardar turawa. Kafin layi ya zo kansa, ya sa safa mai matsewa tun da safe, ya riƙa ɗora ƙafa bisa matashi. Mai ciki kuwa ta jira kamar wata 3 bayan haihuwa, sau da yawa kumburin na raguwa da kansa.