Duke Nukem: bakin bai sauya ba, masu saurare ne suka sauya

Jama'a masu sauraronmu, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai leƙa duniyar wasannin kwamfuta, inda za mu duba wani jarumin ƙage na Amurka mai suna Duke Nukem, ƙato mai baƙin tabarau da gashi ruwan zinariya, wanda da wuya ya buɗe baki bai saki ashar ko batsa ba.

Kamfanin Apogee na jihar Texas ne ya fito da shi a 1991. A lokacin wasa ne irin wanda ake kallon jarumi daga gefe, yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka yana harbi. Bakinsa bai fara wari sosai ba sai a 1996, lokacin da Duke Nukem 3D ya fito, aka ba shi muryar wani ma'aikacin rediyo, Jon St. John. E, ɗan sana'armu ne ya ara masa harshe, sai mu yi haƙuri.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Manhattan Project, wanda ya fito a 2002. Kamfanin Sunstorm Interactive ne ya haɗa shi, kamfanin da aka fi sani da wasan farautar barewa, kuma ya mayar da Duke kan tsohuwar hanyarsa ta tafiya daga gefe. Sunan kansa ma zolaya ce, domin haka ake kiran shirin da Amurka ta ƙera bam ɗin nukiliya da shi a yaƙin duniya na biyu. Labarin ba shi da wani zurfi. Wani mugun masani, Mech Morphix, ya malala wani koren ruwa mai guba a birnin New York, ɓeraye da kyankyasai da kadoji suka rikiɗe suka zama dodanni. Duke ya bi su babi takwas, daga saman benaye zuwa unguwar 'yan Sin, zuwa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, har sararin samaniya. 'Yan sandan wasan aladu ne sanye da kaki. Ma'aunin lafiyar jarumin kuwa girman kansa ne: in ya kashe dodo ya ƙaru, in aka buge shi ya ragu. A kowane mataki akwai mace da aka ɗaure da bam, sai ya kwance ta kafin ya wuce, kuma ba ya wucewa bai yaɓa mata magana ba.

To, me masu sharhin wasanni suka ce? Sun karɓe shi hannu bibbiyu. A shafin Metacritic, mai tattara makin da masu sharhi ke bayarwa, ya samu kusa da 80 cikin 100. Sun yaba da sauƙin sarrafa shi, da kyan hotonsa, da arhar kuɗinsa. Ƙorafin da aka fi yi shi ne maimaici: nemo mabuɗi, kwance mace, buɗe ƙofa, a sake daga farko. Batsar kuwa mafi yawansu sun ɗauke ta kamar yaji a kan tsire, suka yi dariya suka wuce.

Shekara tara bayan haka, a 2011, babban wasan da aka yi ta jira, Duke Nukem Forever, ya fito. Tun 1997 aka sanar da shi, sai da aka shafe shekara 14, har wani kamfani dabam, Gearbox, ya karɓi aikin ya ƙarasa. Murya ɗaya, hali ɗaya, amma makinsa ya tsaya wajen 50. A wannan karon masu sharhi ba su kau da kai ba. Sun soki wurin da jarumin ke ɗauko kashi daga masai yana jifa da shi, sun soki yadda ake wulaƙanta mata, suka ce abin ƙyama ne.

Ni dai a ganina abu biyu ne suka haɗu. Na farko, wasan 2002 yana da daɗin bugawa, shi ya sa aka yafe masa bakinsa. Na 2011 kuwa ga jinkirin buɗewa, ga tsohon yayi, babu abin da zai rufa wa batsar asiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan gambara a kasuwa ya san wannan: in kiɗa ya yi zaƙi, sai ka ga dattijo yana murmushi yana kau da kai, amma in ganga ta mutu aka bar zagi tsirara, taro watsewa yake yi. Na biyu, samarin da suka yi ta ƙyaƙyata dariya a 1996 sun zama magidanta masu 'ya'ya mata, sannan mata da yawa sun shigo harkar, wasu suna bugawa, wasu suna rubuta sharhin da kansu.

Ba na cewa masu sharhin 2002 sun fi gaskiya. Macen da aka ɗaure da bam domin a samu abin yi wa ba'a tana nan tun a lokacin, kallonta ne ba su yi ba. Da aka sake sakin Manhattan Project a na'urar Xbox 360 a 2010, tarbar da ya samu ba ta kai ta farko ba, alhali kusan wasan nan ne dai na da. Har yanzu sunan Duke yana hannun Gearbox, kuma tun 2011 ba su fitar masa da sabon babban wasa ba, sai gyararren Duke Nukem 3D da suka sake sayarwa a 2016.