Amsoshin Tambayoyinku: Hokin ƙanƙara a Wisconsin da rigimar korar koci

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, don haka duk wanda ya ji an gajarta masa amsa ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Tare da ni akwai baƙonmu, Malam, wanda ya yi shekaru yana karatu a Amurka, ya dawo gida da digiri da kuma wata cuta, wato son hokin ƙanƙara. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Cutar nan kuwa na nemi maganinta ban samu ba.

Mai gabatarwa: To, Allah Ya sawwaƙe. Tambaya ta farko daga Gusau. Mai sauraronmu ya ce, shin hokin nan shi ne wanda suka buga a makarantar sakandare? A'a, Malam na Gusau. Naku na kan ciyawa ne, mutum 11 kowane ɓangare. Wannan a kan ƙanƙara ake yi, mutum 6 har da gola, da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, kuma maimakon ƙwallo wani ɗan faifan roba ne baƙi ake bugawa. Zagaye 3 ne, kowanne minti 20.

Ta biyu daga Maraɗi. Wata baiwar Allah ta ce ta ji ana kiran 'yan wasan jami'ar jihar Wisconsin ta Amurka da Badgers, mene ne ma'anarsa? Hajiya, sunan wata dabba ce mai kama da dage, mai haƙa rami. Masu haƙar dalma na farko a jihar nan suna kwana a ramukan da suka haƙa, sai aka laƙaba musu sunan, ya bi jihar, ya bi jami'ar.

To, yanzu ga wadda za ta ci mana lokaci. Wani ɗalibi ne ɗan arewa da ke karatu a birnin Madison, inda jami'ar Wisconsin ɗin take, ya rubuto, shafi biyu cur. Ɗana, nan gaba ka tausaya mana, rediyo ne ba kotu ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: abokansa sun ja shi kallon hokin maza na jami'ar Wisconsin har ya kamu. Kakar da ta ƙare a watan Maris na 2025 ƙungiyar ta sha kashi fiye da yadda ta ci, magoya baya na ta gunaguni, wasu har sun fara cewa sabon kocin ma bai iya ba, alhali shekara biyu kacal da korar na baya. Yana tambaya: laifin koci ne, ko akwai wani abin? Kuma korar koci tana magani?

Abin da ya sa na tsaya a kanta, wannan tambaya ta ƙarshe, wato ko korar koci tana magani, mun same ta daga Kano, daga Jos, daga Kumasi, sai dai su a kan ƙwallon ƙafa suke yi. Ciwon ɗaya ne. Malam, bismillah.

Malam: To, kafin in shiga, jami'ar nan ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Marigayi Neil Skinner, wanda ya rubuta ƙamus na Turanci da Hausa, a can ya koyar. Ka ga ashe muna da...

Mai gabatarwa: Malam, hoki.

Malam: Ina zuwa. Mutum ba zai gane fushin magoya bayan Wisconsin ba sai ya san abin da suka saba gani. Ƙungiyar mazan nan ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka sau 6: a 1973, da 1977, da 1981, da 1983, da 1990, sai 2006. Uku na farko Bob Johnson ne ya ciyo su, shi ne ya gina gidan, ana masa laƙabi da Badger Bob. Jeff Sauer ya gaje shi ya ƙara biyu. Na 2006 kuma Mike Eaves ne, suka doke Boston College da ci 2 da 1 a Milwaukee, wato a cikin jiharsu. Sun sake kai wa wasan ƙarshe a 2010, Boston College ɗin ta rama da ci 5 ba ko ɗaya. Tun daga nan abin ya fara komawa baya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa mai sauraro. Kofi shida, na ƙarshe a 2006. Ke nan yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa shiga jami'ar, bai taɓa ganin kofi da idonsa ba, sai labari wajen babansa.

Malam: Madalla. Sannan zauren da suke wasa, Kohl Center, yana ɗaukar sama da mutum 15,000. Babban zaure ni'ima ne idan kana ci. Ranar da ba ka ci, kujerun da babu kowa su ne suke tona maka asiri a talabijin. A kakar 2014 zuwa 2015 wasa 4 kaɗai suka ci duk tsawon kaka. Huɗu! A 2016 aka sallami Eaves, mutumin da ya kawo musu kofi.

Sai aka ɗauko ɗan gida, Tony Granato. Ya yi wa jami'ar wasa, ya yi shekaru a NHL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ya horar da Colorado Avalanche. Gidansu gidan hoki ne. Ƙanwarsa Cammi ita ce kyaftin ɗin matan Amurka da suka ci zinare a Olamfik na Nagano a 1998. Ƙanensa Don ya zo masa mataimaki da farko, daga baya ya zama kocin Buffalo Sabres. Shi Tony ɗin kansa shi ya jagoranci mazan Amurka a Olamfik na 2018 a Koriya ta Kudu, lokacin da 'yan NHL ba su je ba, kuma ka san dalilin da ya hana su zuwa...

Mai gabatarwa: Malam, mun je Nagano, mun je Koriya. Ɗalibin nan yana Madison yana jira cikin sanyi.

Malam: Afuwan. Granato ya yi kaka 7. Biyu ne kaɗai ya ci fiye da yadda aka ci shi, kuma sau ɗaya ya kai gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 16. Wannan ita ce kakar 2020 zuwa 2021, suka zo na ɗaya a Big Ten, wato rukunin jami'o'in da suke fafatawa a cikinsa, da wani yaro gajere mai suna Cole Caufield, wanda ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Suka shiga gasar ƙasa kowa na ɗaga musu hula, a wasan farko jami'ar Bemidji State ta fitar da su da ci 6 da 3. Caufield ya tattara nasa ya nasa ya tafi Montreal Canadiens. Kakar da ta biyo baya wasa 10 suka ci, aka doke su 24. Ta gaba 13, aka doke su 23. A watan Maris na 2023 shugaban wasannin jami'ar, Chris McIntosh, ya sallame shi.

Mai gabatarwa: To laifinsa ne ko ba laifinsa ba ne? Abin da ɗalibi ke son ji ke nan.

Malam: Ka ga a jami'a, koci shi ne mai horarwa, shi ne kuma mai cefane. Shi ke zagayawa ya nemo yara. Granato gwani ne wajen jawo taurari. Alex Turcotte, wanda Los Angeles Kings ta zaɓa na 5 a 2019, kaka ɗaya ya yi ya tafi. K'Andre Miller kaka biyu. Caufield biyu. Dylan Holloway biyu. Kana renon ɗan maraƙi, ranar da ya isa huɗa sai mai shi ya zo ya kwance abinsa. Su kuwa ƙananan jami'o'i irin su Bemidji da Minnesota State, suna ɗaukar samari da suka girma a gasar matasa, su shigo da shekara 20 ko 21, su zauna shekara huɗu tare. Sai ka ga yaro ɗan 18 mai suna yana karo da ƙato ɗan 24 da babu wanda ya san shi, ƙaton ya danne shi.

Mai gabatarwa: Malam bai ce i ba, bai ce a'a ba, kun dai ji. Bari ni in faɗi nawa, ra'ayina ne ba na gidan rediyo ba. Idan koci ne mai cefane, to ba ya da hurumin cewa miya ba ta yi daɗi ba don kayan miya sun ƙare. Shi ya zaɓi ya sayi abin da ba ya kwana. Kaka bakwai ba kwana bakwai ba ne. A nan ina tare da magoya baya.

Malam: Ban musa ba. Amma akwai abin da ba shi ya jawo ba. A 2013 Wisconsin da Minnesota suka bar tsohon rukuninsu na WCHA suka koma Big Ten, bayan wani attajiri, Terry Pegula, ya zuba wa Penn State kuɗi ta kafa ƙungiya, aka samu jami'o'i shida da za su yi rukuni. Daga baya Notre Dame ta shigo suka zama bakwai. Magoya baya suka rasa wasannin hamayya da suka saba duk shekara, irin na North Dakota da Denver. Tsofaffi da yawa har yau ba su huce ba. Wani fushin da ake sauke wa koci, asalinsa fushin wannan ne.

Mai gabatarwa: To mu zo kan sabon, wanda ɗalibinmu ya ce an fara yi wa gunaguni.

Malam: Mike Hastings. Shi ba ɗan gida ba ne, daga Minnesota State aka ɗauko shi, inda ya yi kaka 11 bai taɓa gama ɗaya da rashin nasara ya fi nasara yawa ba, har ya kai su wasan ƙarshe a 2022, Denver ta doke su. Ya zo Madison, wasu 'yan wasansa suka biyo shi, don yanzu doka ta ba ɗalibi damar sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara guda ba ya wasa ba. Kakar farko wasa 26 suka ci. Golansu, Kyle McClellan, ya ci kyautar Mike Richter ta golan da ya fi kowa. Suka shiga gasar ƙasa, Quinnipiac ta fitar da su a ƙarin lokaci. Sai golan ya gama ya tafi, kaka ta biyu suka koma ƙasa.

Mai gabatarwa: Bari in sake maimaitawa, don nan ne amsar take. An kori koci, sabo ya zo, shekarar farko kamar an yi ruwan farko, kowa na murna. Gola ya tafi, shekara ta biyu an koma gidan jiya. To ɗana na Madison, da ku na Kano da Jos da Kumasi: korar koci tana kwantar da hankalin jama'a, wani lokaci ma tana gyara, kamar yadda ta gyara a kakar farko ta Hastings. Amma mutumin da zuwa Maris na 2025 kaka biyu ya yi, ɗaya mai kyau ɗaya maras kyau, yaran da ya nemo da kansa ko girma ba su yi ba, ka ce a kore shi? Haba ɗana. Kai da ka fara kallo bara, har ka fi 'yan gari zafi. Granato kaka bakwai aka ba shi kafin a yanke hukunci. 'Yan Kano kuwa ba sai na tuna muku ba, Pillars ta ci gasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a 2022 ta faɗa ƙaramin rukuni, kun san ɗacin abin.

Malam: Kuma in ƙara da cewa daga watan Agusta na 2025 an buɗe wa 'yan babbar gasar matasa ta Kanada ƙofar shiga jami'o'in Amurka, abin da a da aka hana. Kasuwar cefanen gaba ɗaya za ta canja, domin...

Mai gabatarwa: Malam, injiniya na ɗaga mini yatsa uku. Saura tambaya biyu. Wata malama daga Zariya ta ce, mata ma suna yin wannan wasa? Malama, ba yi kaɗai ba. Zuwa 2025 matan Wisconsin sun ɗauki kofin ƙasa sau 8, na takwas ɗin a watan Maris na shekarar, suka doke Ohio State da ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. A 2023, watan da aka kori kocin maza, a watan ne matan suka ɗauki na bakwai. Kocinsu kuma Mark Johnson ne, ɗan Badger Bob na cikinsa, wanda ya zura wa Tarayyar Sobiyet ƙwallo biyu a Olamfik na 1980. Ɗana na Madison, zaurensu na LaBahn yana manne da na maza. Ranar da mazan suka ɓata maka rai, taka ka shiga maƙwabta.

Malam: In ka samu tikiti. Zauren ƙarami ne, cika yake yi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Yamai: ana biyan ɗaliban nan? Tun daga 2021 an ba su damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu, ban da tallafin karatu da da yawansu ke samu. Mai tambaya daga Garwa kan yadda ake hana ƙanƙarar zauren narkewa, ka yi haƙuri, Malam ya cinye lokacinka a Nagano, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Malam, mun gode.

Malam: Ni ke da godiya. Amma batun Kanada ɗin nan...

Mai gabatarwa: Mako mai zuwa, Malam. Jama'a, a huta lafiya.