Laccar Jos: yadda zirkoniyam ke yi da iskar gas idan zafi ya kai zafi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Iska uku zan yi magana a kansu, oksijin, naitirojin da haidurojin, da yadda ƙarfen nan zirkoniyam yake yi da kowacce in ya ji wuta.

Da farko dai ƙarfen nan ba baƙo ba ne gare mu a Filato. Yashin da ake bari bayan an wanke kuza a Bukuru da Barikin Ladi akwai zirkon a ciki, daga irin wannan ma'adanin ake fitar da shi. Sai zafi ya kai digiri 1855 a ma'aunin Selsiyas yake narkewa, kuma kusan ba ya haɗiye niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke farfasa yuraniyam ya ba da zafi, shi ya sa da shi ake ƙera siraran bututun da ake zuba man yuraniyam a tashoshin nukiliya.

To na ɗaya, oksijin. In zafin bai yi yawa ba sai ya yi wani ɓawo siriri a jikinsa kamar ƙanzo a gindin tukunya, ɓawon nan shi ke kare na ciki. Amma in zafi ya ƙaru oksijin ɗin ba a waje take tsayawa ba, ratsawa take har cikin ƙarfen ya zama mai gautsi.

Amma ku bar wannan tukuna, tururi nake so ku riƙe, wallahi nan ne maganar take. Ruwa fa, ruwan da muke kashe gobara da shi. In bututun nan ya kai wajen digiri 1200 tururi ya taɓa shi, sai ya ƙwace oksijin ɗin da ke cikin ruwan ya saki haidurojin, kuma wannan ƙwacen kansa zafi yake fitarwa, zafin ya ƙara masa sauri, saurin ya ƙara zafi, haka abin zai yi ta ciyar da kansa. Kun gane ko? Bari in maimaita don masu rubutu, ƙarfen ne yake ci a cikin tururi. Shi ya sa dokar Amurka ta ce ko a lokacin hatsari kada bututun ya wuce digiri 1204. An ga hakan a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979. An sake gani a Fukushima ta Japan a watan Maris 2011, fashewar nan da kuka gani a talabijin rufin gini ya tashi sama, ai ba bam ɗin nukiliya ba ne, haidurojin ce da ta fito daga haɗuwar zirkoniyam da tururi ta taru ta haɗu da iskar waje. Abin yana damuna idan na ji ana cewa bam ne, don in ba a san sanadi ba ta ina za a fara gyara?

Na biyu... a'a na uku ke nan ko? To naitirojin dai, ita takan yi wani abu ruwan zinare a jikinsa ta tsattsaga ɓawon, shi ya sa iskar da muke shaƙa ta fi tururi zalla yi masa ɓarna. Haidurojin kuma shiga take ciki ta sa ya riƙa tsagewa. Don haka mai walda sai ya lulluɓe shi da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da ƙarfen, don ta kare shi daga waɗannan iskoki.

Na'am, ɗan'uwa a can gefe? Yana tambaya wai ko yashin kuza zai iya kamawa da wuta. A'a malam, kwantar da hankalinka, zirkon ya riga ya haɗu da oksijin da silikon tun a cikin ƙasa, ya ƙoshi. Garin ƙarfen zalla ne mai kamawa, shi kuma ba a zuba masa ruwa. Abin tsoro a yashin nan daban ne, akwai ma'adanin monazait a ciki mai ɗauke da ƙarfen toriyam, yana fitar da radiyeshin a hankali ba ka gani ba ka ji. Don Allah ku gaya wa masu buga bulo su daina kwasar shi suna gini ko yaɓen ɗakin kwana da shi, kuma masu wanke shi su riƙa rufe hanci saboda ƙurar.