Hannun da ba ya buƙatar batir

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Baltimore nake magana, a nan Amurka. Ku matso ku ga abin da ke cikin kwanon gilashin nan. Wannan ɗan abin mai yatsu, wanda da kyar ya kai ƙwayar shinkafa, hannu ne na kama abu. Babu inji a jikinsa, babu waya, babu batir.

Da haidirojel aka yi shi, wato wani abu mai laushi da ke shan ruwa ya kumbura, dangin wanda ke cikin famfas na jarirai. Wannan nau'in, PNIPAM, yana da wata ɗabi'a: idan ruwa na da sanyi sai ya sha ya ƙoshi, amma da zarar ɗumi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, sai ya amayar da ruwan ya tsuke. To ga dabarar. Ana manna masa wani falle mai tauri wanda ba ya kumbura ba ya tsukewa. Gefe ɗaya na ja, ɗayan ya tsaya cak, dole yatsun su lanƙwashe. Bari in zuba ruwan ɗumi. Ku yi haƙuri kaɗan, ba shi da gaggawa... yauwa, kun gani? Ya damƙe.

A jami'ar Johns Hopkins ta garin nan, Farfesa David Gracias da ɗalibansa sun fitar da irin wannan a 2015. Sun cusa garin ƙarfe a cikinsa domin a ja shi da maganaɗisu, kuma sun nuna yana cafko ƙwayoyin halitta daga dunƙulensu. Burin shi ne wata rana likita ya ɗebo samfurin nama daga lungun da kayan aikinsa ba sa isa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin ƙanƙantarsa. Sai ruwa ya ratsa jikin jel ɗin kafin ya motsa, don haka idan babba ne sai ya yi jinkiri. Amma ka rage kaurinsa sau 10, saurinsa zai ninku kusan sau 100. Masanin kimiyya Toyoichi Tanaka na jami'ar MIT ta nan Amurka ya nuna wannan lissafin tun 1979.

Kada dai wani ya tafi asibiti yana nema, har yanzu gwaji ake yi. Jikin ɗan Adam kullum yana wajen digiri 37, saboda haka idan hannun ya damƙe a ciki, ba zai saki ba sai an sanyaya wurin.