Amsoshin Tambayoyinku: Miƙa Kai Ga Allah Da Zuciya Ɗaya

Masu sauraro, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wata 'yar'uwa mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, wadda ta ce tana yawan jin wa'azi a kan miƙa kai ga Allah ɗungum, amma ita kullum tana tsakanin buhu da mudu, ga 'ya'ya ga kuɗin makaranta. Tana tambaya ko lalle sai ta bar kasuwa kafin a ce ta miƙa kanta.

'Yar'uwa, ba sai kin bar kasuwa ba. A Romawa 12:1 manzo Bulus ya roƙi masu bi su miƙa jikinsu hadaya rayayyiya, jikin nan kuwa ya haɗa da hannun da kike auna masara da shi. Sa'ad da mai saye ya sunkuya yana ƙirga kuɗi, ke kaɗai kika san ko mudun ya cika, ko an bubbuga gindinsa, ko kuma an cuɗa tsohuwar dawar da ƙwari suka ci da sabuwa. A wannan lokacin ne ake sanin wanda yake mulkin zuciyarki, domin Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Ki tuna da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo. Bitrus ya faɗa wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma yana hannunsa, ba wanda ya tilasta shi. Laifinsa shi ne ƙaryar da ya yi wa Ruhu Mai Tsarki. A ganina wannan ya fi damun ikilisiyarmu fiye da ƙarancin baiko, wato mutum ya riƙa rera waƙar miƙa kai ranar Lahadi alhali akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya hana Allah taɓawa.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Samaru. Ya ce ya fita gaba a taron farkawa yana hawaye, amma yanzu zafin ya huce, har yana shakkar ko miƙa kan nasa ya karɓu.

Ɗana, hawaye ba su ne ma'auni ba. A Luka 9:23 Yesu ya ce mai binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Dubi tarihin garin nan: Likita Mila, wani Bature ɗan mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, ya yi shekaru da dama masu ba da gaskiya 'yan kaɗan ne, mishan ta koma Wusasa a 1929, sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi Likita Mila kuwa yana cikin waɗanda suka yi wahalar fassara shi. Aiki irin wannan da naci ake yinsa, ko akwai zumuɗi ko babu. Saboda haka ka tsai da lokacin karatun Kalma da addu'a kafin ka fita aji, ka ƙi satar jarrabawa ko da abokanka duka sun yi, ka kuma je wurin fastonka ka faɗa masa abin da ka rubuto mana, domin ya yi addu'a tare da kai. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.