Yadda Ake Auna Haske da Fim ɗin Silaid a Fili

Ku dubi waɗannan hotuna biyu da na ɗora a kan teburin haske, wato tebur mai fitila a ciki da ake duba fim a kansa. Wuri ɗaya ne, fim ɗin silaid ɗaya, Provia 100F, tsakaninsu ko minti ɗaya babu. A na dama gajimare yana nan da siffarsa, ana ganin inda ya yi kauri da inda ya yi shara-shara. A na hagu kuwa ya yi fari fat, kamar an goge wurin da tsumma. Bambancin mataki ɗaya ne kacal, wato na hagu ya sha haske ninki biyu na abin da na dama ya sha.

Fim ɗin nagatif mai haƙuri ne, ko kun zarce da mataki biyu, wajen buga hoto za a gyara. Silaid ba shi da wannan haƙurin. Abin da ya fito daga wankin E-6, wato wankin sinadarai da ake yi wa silaid, shi ne hoton, babu wani bugu a gaba da zai rufa muku asiri. Kuskuren rabin mataki ma ana ganinsa. Kuma daga duhun da ake iya gane abu a cikinsa zuwa farin da bai ƙone ba, kimanin mataki 5 yake iya riƙewa, alhali tsakar rana takan wuce haka nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake fara tambayar kaina: wane wuri mai haske ne ba zan yarda ya ƙone ba? Inuwa idan ta yi baƙi ƙirin, ido yana karɓa, wani lokaci ma ƙara wa hoto kyau take yi. Amma farin da ya ƙone fim ne wayam, babu komai a wurin.

Mitar auna haske da ke cikin kyamara tana ɗaukar duk abin da ta gani a matsayin toka-toka, mai maido da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Ku nuna mata farin yashi ko dusar ƙanƙara, sai ta rage haske, farin ya koma toka. Ku nuna mata duhun daji, sai ta buɗe, sararin sama ya tafi. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta.

Idan kuna da mita mai auna ɗigon digiri 1, ku auna farin da kuke son ya tsira, sannan ku ƙara mataki ɗaya da rabi zuwa biyu a kan abin da ta ce, kada ku wuce nan. Ni dai na fi natsuwa da mita mai farin ƙoƙo, wadda ke auna hasken da ke sauka a kan abin ɗauka. Ku tsaya cikin irin hasken da yake ciki, ƙoƙon ya fuskanci kyamara. Launin riga ko na bango ba ya ruɗinta.

Babu mita? Rana tana sama, inuwa ta fito sarai, fim ISO 100 ne (ISO shi ne ma'aunin saurin da fim ke kama haske) kamar Ektachrome E100: ku sa ƙofar haske ta kyamara a f/16, tsawon lokacin buɗewa kuma 1/125 na daƙiƙa. Da siririn gajimare, ku ƙara buɗe ta zuwa f/11. Idan ya rufe har inuwa ta kusa ɓacewa, f/8. Ko ina da mita nakan gwada ta da wannan lissafi, domin na taɓa asarar nadi guda, hoto 36, saboda batiri ya yi sanyi ban lura ba. Ranar da na ɗaga fim ɗin a haske, jikina ya mutu.

Velvia 50 ya fi su tsauri, inuwarsa saurin toshewa take yi, har wasu ke saita shi a ISO 40 maimakon 50 don ya ɗan buɗe. Idan kun ɗaura gilashin rage ƙyalli kuma mitar hannu kuke amfani da ita, ku tuna yana cin mataki ɗaya da rabi zuwa biyu.

Hoton da ba zai maimaitu ba, kamar faɗuwar rana, ku ɗauke shi sau uku: yadda mita ta ce, sai rabin mataki ƙasa, sai rabin mataki sama. Ku rubuta lambar kowanne a takarda nan take, domin idan fim ya dawo daga wanki, babu abin da zai gaya muku wanne ne wanne sai wannan takardar.