Riga Mai Gidan Dara da Dutsen Guga

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau ma mu ukun ne, ni da Yaya da Goggo, kuma kun riga kun san abin da ya kawo mu. Tun da tsohon hoton nan na makarantar kwana ya faɗo guruf ɗin su Yaya na tsofaffin ɗalibai wayoyi ba su huta ba.

Yaya: Ina fa hutu! Na kwanta ana yi, na tashi sallar asuba na tarar ana yi. Wata ce ta tono shi daga ƙasan adakar mahaifiyarta, mu goma sha biyu a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin kwananmu, kowa da rigarta mai gidan dara. Daga nan aka ce taron da za mu yi bayan babbar Salla a ɗinka yunifom ɗin, kowa ta saka. Rabi suka ce a'a, a fitar da ankon atamfa kamar kullum, wasunmu har sun aurar da 'ya'ya, ina su ina kayan makaranta.

Auta: Shi ne muka ce yau a nan za a yanke hukunci, a ƙarshe kuma mu karanta saƙonninku. Goggo, ke ce babba.

Goggo: Bari in ga hoton tukuna. Miƙo min tabarauna, Auta. Af, ashe ku har da wando kuka saka.

Yaya: Ƙwarai kuwa. Riga zuwa gwiwa, wando, da ɗan hijabi fari.

Goggo: To mu ba haka muka yi ba. Ni a 1974 na shiga fom wan, naira ba ta fi shekara guda da fitowa ba, tsofaffi suna ta lissafinsu da fam da sule. Tamu riga ce guda ta ɗan wuce gwiwa, da ɗamara a ƙugu, sai ɗankwali. Kuma ko kwabo kakanku bai biya ba. Ranar da muka isa metiron ta jera mu a bakin sito, tela na zaune da tef a wuya, ya auna ki ya kira lamba. Riga biyu ta aji, biyu ta zaman ɗaki, bargo, sabulu, takalmi. In an yi hutu a ba ki kuɗin mota. Lambata tana nan a kaina har yau, da jan zare na ɗinka ta a cikin wuyan kowace riga a daren farko, ina ɗinki ina kuka, wata siniya tana riƙe min fitila.

Auta: Kukan me, Goggo?

Goggo: Kukan gida mana. Shekarata goma sha biyu, ban taɓa kwana a wani gari ba. Kuma kakanku bai so tafiyar ba, sai da hedimastanmu na firamare ya yi sawu uku a zaurenmu, na ukun ya zo da mai unguwa. To ku ji abin da ban taɓa ba ku labari ba. Hutun farko na dawo da rigar a jikina, ina jin kaina a sama, na ratso layinmu yara na bi na. Ina sa ƙafa a soro Inna ta gan ni. Ba ta ce uffan ba, ta kwance mayafinta ta lulluɓe ni da shi tun daga ka, ta ja ni ɗaki. Na zaci faɗa za ta yi. Da dare na farka na gan ta a tsakar gida tana wanke rigar da hannunta, ta sa mata bula, ta shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Da ta bushe ta ninke ta sa a cikin kwallarta ta jere, inda take ajiye zannuwanta na fita biki.

Yaya: Allah sarki Inna. Allah Ya jiƙan ta.

Goggo: Amin. Kunyar rigar take ji, kuma tana alfahari da ita. Duka biyun.

Auta: Ni da na yi jeka-ka-dawo ban san wannan ba. Tawa a Kantin Kwari aka yanko yadin, telan bakin layi ya ɗinka, shi ke nan.

Yaya: Ai ke ba ki san guga ba ma.

Goggo: Guga! Ku dakata, a nan za a tsaya. Dutsen guga ɗaya ne a gidanmu kaf, na gawayi, mai zakara a baki. Ranar Lahadi tun bayan azahar ake kama layi. Siniyoyi su fara, kafin ya iso kan 'yan fom wan garwashin ya zama toka. Sai ki ɗauka ki fita waje kina lilo da shi a iska har ya sake ja.

Yaya: Lilon nan! Har zamaninmu ana yi. Hannu ya miƙe, ki yi gaba ki yi baya, tartsatsi na tashi.

Goggo: Kuma tartsatsi ɗaya in ya faɗo kan farar riga, ya ɓula ta, Litinin a asambuli kowa zai gani.

Yaya: Mu dabararmu katifa ce. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki ninke ta a kan kari, ki shimfiɗa ƙarƙashin katifa ki kwanta a kai. Da safe sai ta fito kamar daga wajen mai wanki da guga.

Goggo: Wannan ai mu muka bar muku ita. Amma gugar katifa ba ta kai ta dutse, in an sa sitati. Sitatin rogo, a dama shi da tafasasshen ruwa har ya yi yauƙi, a tsoma rigar. In ta bushe kika goge, sai ta tsaya da kanta a kan gado ko ba kowa a ciki.

Auta: Goggo, ta tsaya da kanta fa kika ce?

Goggo: Na ce ta tsaya! Hedigel ɗinmu in tana tafe, kafin ki gan ta kin ji ƙarar rigarta, kwaram kwaram.

Yaya: Tamu ma haka! Anya ba sharaɗin zama hedigel ba ne?

Goggo: In rigarki ba ta ƙara ai ko firifet ta dainin ba za a ba ki ba.

Auta: To in damina ce fa, riga ba ta bushe ba?

Goggo: Sai ta yi shiru, ranar kowa ya huta. (dariya)

Yaya: Wayyo cikina. Kuma sitatin da ya rage a kwano, akwai masu cewa da sukari ai ya zama koko.

Goggo: A'a, mu ba mu kai nan ba, muna da garin kwaki. Gari, ƙuli-ƙuli, ɗan sukari, in uwarki ta ji tausayinki ta haɗo da madarar gari. Ki jiƙa shi kafin a tafi firef, ki dawo ya kumbura ya cika kwano, mutum huɗu su sa cokali.

Yaya: Mu da yaji da man ƙuli muke kwaɗa shi in ranar gabza ce.

Auta: Ni wannan gabzar har yau ban gane ta ba.

Yaya: Tuwo ne, Auta, tuwon makaranta. Amma sai wadda ta ci ta san dalilin da ya sa aka canza masa suna.

Auta: To mu dawo kan yunifom, lokaci na tafiya. Wata ta tambaya ko wace makarantar 'yan mata ce ta fara a Arewa.

Goggo: In ta boko ake nufi, tun 1930 aka buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tsaya wa abin sosai. Amma sakandare sosai ta gwamnatin Arewa, wadda yarinya za ta yi shekara biyar ta zauna jarrabawar WAEC, ita ce Queen Elizabeth ta Ilori, 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya. Malamanmu mata 'yan Arewa da yawa can suka yi. Yarinya daga Sakkwato ko Barno ta hau jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe har Ilori, ku duba nisan. Ga kuma na mishan, St. Louis a Kano, wadda sistocin ƙasar Ailan suka kafa, da ta Kakuri a Kaduna da gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta mai da ita Queen Amina. Bayan yaƙin basasa kuma Gowon ya baza na tarayya, ga su nan irin ta Bakori da ta Kazaure. Amma ni in kun tambaye ni, yunifom ɗin mata masu ilmi a ƙasar nan ya girmi duk waɗannan. Nana Asma'u in ta naɗa jaji, mai jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilmi, malfa take ba ta da jan rawani. Daga nesa aka hango ta an san wannan mai koyarwa ce, a ba ta hanya.

Yaya: Kai, ban taɓa haɗa su ba.

Goggo: To haɗa su. Abin da rigar nan ta yi mana ke nan. A ajinmu akwai 'yar sarki, akwai 'yar mai sayar da itace, akwai 'yan Filato da Binuwai da ba su jin Hausa sai sannu. Ƙarfe bakwai na safe duk riga ɗaya, takalmin Cortina ɗaya, kitso ɗaya. Ranar Asabar ake faɗin kitson sati, in an ce shuku ne kowa shuku. Sai da muka kai fom tiri na san gadon da ke kusa da nawa na 'yar babban gida ne, ranar ziyara na ga dogari ya ɗauko mata kwanon abinci. Ta kira ni muka ci tare a ƙasa.

Auta: Amma Goggo, akwai masu cewa da tun farko an yi yunifom ɗin da hijabi, da iyaye da yawa ba su hana 'ya'yansu ba.

Goggo: Gaskiya suka faɗa, ba na musu. A layinmu ni kaɗai na tafi, kuma na san gidaje biyu da rigar ce ta hana. Shi ya sa da na ga an sa wando, aka zo aka sa hijabi, ban ji haushi ba ko kaɗan. In tsawon yadi ne zai kawo yarinya aji, a ƙara mata yadi goma.

Auta: Mu a Kano a 2003 gwamnatin Malam Shekarau ta wajabta hijabi a makarantun gwamnati, ina firamare. A Legas kuwa sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2022 aka yanke cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sakawa.

Yaya: Ni abin da ya sa hoton nan ya taɓa ni daban ne. Na kalle shi na tuna 'yan Jangebe, 2021, yara 279 da aka kwashe daga ɗakin kwana cikin dare. Irin gadajenmu ne, irin bokitanmu. Bayan Chibok da Dapchi kuma. Jihohi suka yi ta rufe makarantun kwana. 'Yata ta gama firamare na kasa kai ta, ni da na ji daɗin kwana fiye da kowa. Tsoro ya hana ni.

Goggo: Ba wanda zai ga laifinki. Mu darenmu kukan mujiya kawai muke tsoro, maigadi ɗaya da sanda da tocila ya ishe mu. Allah Ya dawo mana da wannan zaman lafiyar.

Yaya: Amin ya Allah.

Auta: Amin. To hukunci fa? Ga shi an fara kiran magariba, saƙonni ko ɗaya ba mu karanta ba. Yunifom ko atamfa?

Goggo: A ɗinka mana, amma a sa mata sitati.

Yaya: Goggo, yadin fa ba a samun irinsa, na zaga Kwari sau biyu, gidajen darar yanzu manya ne, namu ƙanana.

Goggo: Da can Kakuri ake saƙa irin waɗannan, masaƙun sun rufe. Akwai wani tsoho a layin 'yan yadi, zan kwatanta miki in mun idar da salla.

Auta: Saƙonninku sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku yi mana afuwa. Mai tsohon hoto ta turo. Yaya, kashe na'urar, Goggo ta riga ta miƙe.